Yadda Aka Sauke Gabashin Gidan Saƙa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ranar Asabar, cikin bazarar shekarar da aka sami 'yancin kai, mu uku ne a gidan saƙa na kusa da Ƙofar Dundaye: ni, da kawuna wanda ya gina gidan, da babban masaƙi. Sauran ma'aikata ba su iso ba. Kawu ya zo duban shekara ne, kamar yadda ya saba kafin ruwa ya sauka. Ya gama da rufi, ya sauko, ya shigo ciki yana bin bango yana ƙwanƙwasa shi da gindin sandarsa. Da ya kai kusurwar gabas ta wajen arewa sai ƙarar ta canza. Ya tsuguna, ya danna babban yatsansa a gindin bangon, yatsan ya nutse kamar a cikin tuwo. Ya zare shi, ya duba, ya goge a gefen rigarsa.

Kafin in faɗi abin da ya ce, sai na faɗi yadda gidan yake da yadda ruwa ya shiga cikinsa. In ba haka ba maganar ba za ta zauna ba.

Ni ba masaƙi ba ne, kuma ba magini ba. Elementare na yi, da na gama aka ɗauke ni malamin gidan saƙa. Aikina in buɗe ƙofa, in raba zare, in karɓi yadi in auna, in rufe ƙofa. Na yi wannan aiki tun ranar da aka buɗe gidan har ranar da aka rufe shi, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi.

Masaƙan garinmu a waje suka gaji saƙa, ƙarƙashin rumfa, zare a miƙe har tsakiyar hanya da dutse a ƙarshensa, abin da ke fitowa kuma faɗinsa bai fi tafin hannu ba, sai an ɗinka an haɗa. 'Yan shekaru kafin 'yanci hukuma ta kawo wata irin masaƙa ta katako, faffaɗa, mai fitar da yadi da faɗin zane. Mu katako kawai muke ce mata. Ita ba a barinta a rana, ba a barinta a ruwa, ba a naɗe ta da yamma a kai gida. Ɗaki take so, dogo, wanda babu ginshiƙi a tsakiyarsa. A lokacin siminti daga nesa yake zuwa, kwano kuma sai gidan ma'aikatan gwamnati da kanti. Aka nemi maginin ƙasa wanda zai iya rufe irin wannan faɗi, aka ba Kawu, yayan mahaifiyata.

Ginin ya ci rani biyu. Ranin farko aka haƙa tushe, aka jera marmara har daidai da ƙasa, aka ɗora tubali a kai har bango ya wuce tsayin mutum biyu. A gindi kaurinsa ya kai mutum ya kwanta a gicciye, yana hawa yana sirancewa. Aka lulluɓe kansa da zana ya sha damina ɗaya don ya zauna. Rani na biyu aka ɗaura bakan gizo, wato kwarangwal ɗin da ke ɗauke da rufin soro. Guda shida ne a jere daga yamma zuwa gabas, kowanne ya taso daga bangon kudu da na arewa ya haɗu a sama. Ba a ɗaura baka rana ɗaya. Ana kafa azara a cikin bango, a karkato da ita kaɗan, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, a jira ta bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa. Haka daga dama, haka daga hagu, har hannayen biyu su gamu. Bayan nan a shimfiɗa azara daga baka zuwa baka, a sa zana, a zuba ƙasa, a daɓe. Na ƙarshe shi ne laso, wanda ake haɗawa da katsin da marina ke kwashewa daga gindin karofi. Shi ke hana ruwan sama ratsa rufi.

Tagogin ƙanana ne, can sama, kudu da arewa, don haske ya sauko kan zare ba tare da rana ba. Gabas babu taga ko ɗaya, domin daga can ruwa ke bugowa. Ƙofa tana yamma. Wanda ya shigo daga rana sai ya tsaya idonsa ya washe, sannan ya ga bakan a jere kamar haƙarƙarin raƙumi, da katakai layi biyu a ƙarƙashinsu. Ban taɓa jin Kawu ya yabi ginin ba. Amma in baƙo ya zo masa daga ƙauye, bayan an ci abinci yakan ce su taka su ga ɗan ƙanwarsa a wurin aiki, alhali ba ni ake zuwa gani ba.

Akwai wata ƙa'ida a gidajen magina na garinmu wadda sai an san ta za a gane sauran labarin. Gini yana bin sunan wanda ya yi shi. Mutanen gari su ce soron wane mai gida, magina su ce soron wane magini. Katanga in ta zube babu komai, damina ce. Rumbu in ya tsage a yaɓe shi. Amma rufin soro in ya rufta, to maginin ya ajiye aikin rufi ke nan, kuma ba a ƙara kiran 'ya'yansa su ɗaura baka. Ba alƙali ke yanke wannan ba, ba sarkin magina ba. Mutane ne kawai ke daina sallama a ƙofar gidan. Kawu ya tsufa yana gini, rufinsa ko ɗaya bai taɓa faɗuwa ba, kuma yana da ɗa namiji guda wanda ya koya wa aikin tun daga cuɗa laka.

Yanzu maganar ruwa. Zaren auduga ba ya son bushewa. Daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwa iskar Sakkwato takan busar da shi har ya riƙa tsinkewa da kansa. Masaƙin gargajiya yakan guntsi ruwa ya fesa wa zarensa, ya ishe shi, domin zaren kaɗan ne. A katako zaren tsaye yana da yawa, bakin mutum ɗaya ba ya wadatar da shi. In ɗaya ya tsinke sai an tsaya an nemo bakinsa an ƙulla, kowane ƙulli kuma yana fitowa a fuskar yadi. Da farko sun riƙa yayyafa ruwa a daɓe. Daɓen ya yi santsi, ƙafafun katako suka fara kiran gara, aka daina. Aka koma jiƙa tsumma ana shafa wa zaren, wannan kuma yana cin lokaci.

Yawancin masaƙan namu 'yan lambu ne. Da asuba suna fadama suna ban ruwan albasa, sannan su wanke ƙafa su zo aiki. Abin da hannu ya saba shi yake yi. A ranin da hukuma ta ba mu aikin yadin da 'yan makaranta za su sa ranar bikin 'yanci, aikin ya yi yawa, zare kuma yana ta tsinkewa. Sai suka ja 'yar hanyar ruwa a gindin bango daga ciki, irin wadda ke bi tsakanin fangali a lambu, ta tashi daga ƙofa ta bi bangon arewa har gabas. Kowace safiya a juye tuluna a bakinta, ruwan ya bi a hankali, ɗakin ya yi sanyi da laima. Zare ya daina tsinkewa. An nemi izinina na bayar, domin yadi aka ɗauke ni in kula da shi, kuma yadin wannan rani ya fi na kowace shekara kyau. Ashe ƙasan ɗakin ta ɗan gangara gabas, gangarar da ido ba ya gani. Can ruwan yake taruwa ya kwana, daidai inda ƙafar baka na shida ta sauka. Zaren da ake jingine wa a kusurwar ya rufe wurin, babu wanda ya lura.

Kawu da babban masaƙi taubasai ne, tare suka tashi. Shi yana ce wa Kawu Zanzaro, saboda ginin laka, Kawu yana ce masa Tautau, saboda saƙa. Da Kawu ya miƙe daga tsugunon, ya bi hanyar ruwan da ido har ƙofa, ya dawo da idonsa kan taubashinsa.

“Tautau, lambu nig gina muku ko ɗaki?”

Babban masaƙi ya yi dariya, ya ce yau ga Zanzaro yana tsoron ruwa, shi da in ba ruwa da ko kaskon turare bai gina ba. Ya ce su da suke zaune ƙarƙashin rufin kullum ba su yi kuka ba, sai mai zuwa shekara-shekara kamar ɗan karɓar jangali. Kawu bai mayar masa ba. Tun da nake ban taɓa ganin taubashin ya jefa magana Kawu ya bar ta ta faɗi ƙasa ba. A nan muka san abin ba na wasa ba ne.

Kawu ya ɗaga sandarsa ya nuna sama. A hannun arewa na baka na shida akwai tsaga, siririya kamar zare, ta taso daga bango ta yi sama. Ya ce a tsai da ruwa daga yau, a cike hanyar da busasshen yashi da toka, a janye katakai biyun da ke ƙarƙashin wannan baka. Babban masaƙi ya ce in an tsai da ruwa yadin 'yan makaranta ba zai fita a kan lokaci ba, kuma wanda ya fita zai zama duk ƙulli. Kawu ya ce ƙulli ba ya kashe mutum. Aka yi yadda ya ce kafin azahar.

Ƙa'idar aikina ita ce duk abin da ya sami gidan in kai rahoto. Na gaya wa Kawu zan kai. Bai ce kada in kai ba, bai kuma ce in kai ba, ya ce kowa da aikinsa. Hukuma ta aiko mai duba gine-gine, wani saurayi mai natsuwa wanda ya yi karatun gini a Kaduna. Ya gaida Kawu har ƙasa, yana ce masa Baba. Ya zagaya ciki da waje, ya hau rufi, ya soka ƙarfe a gindin bangon ya ga inda laimar ta kai. Sannan ya manna 'yar takarda a gicciye a kan tsagar, ya ce zai dawo. Da ya dawo takardar ta yage, alamar tsagar tana ƙara buɗewa.

Abin da ya faɗa babu kuskure a ciki. Ya ce bango mai wannan kauri ba zai bushe ba kafin ruwa ya sauka, hadari kuma ya riga ya fara haɗuwa da yamma. Ya ce in rufin ya sha ruwa nauyinsa zai ƙaru, ƙafar da ta yi laushi ba za ta ɗauka ba, mutane kuma a ƙarƙashi suke zama. Kawu ya ce baka biyar lafiyarsu lau. Saurayin ya ce ya yarda, amma in na shida ya tafi da kansa yana iya jan na biyar, tunda azara ce ta haɗa su. Kawu ya ce haka ne. Shawarar da mai duba ya kawo ita ce a fitar da katakai, a kawo lebura da diga su rushe rufin gaba ɗaya, a sa kwano. Ya ce hukuma ma za ta so haka, tunda ana gyaran gari saboda biki.

Shi bai san abin da wannan ke nufi a gidan magina ba, kuma ba laifinsa ba ne. Rufin da hannun wani ya rushe saboda tsoron kada ya faɗi, a wurinsu ya faɗi. Babu bambanci. Hanya ɗaya ce tak wadda ba a lissafa ta a faɗuwa: maginin da kansa ya hau ya sauke abin da ya ɗaura, bi da bi, kowace azara ta sauko a hannun mutum, a gaban dattawan magina. Ana yin haka in mai gida yana son ƙara ɗaki ko canza fasali. Ban taɓa jin an yi shi a kan bangon da ya jiƙe ba, domin mai saukewa a kan bakan yake tsayawa.

Ranar da mai duba ya faɗi shawararsa na je gidan Kawu bayan la'asar. Na same shi a zaure da ɗansa. Ɗan yana ganin a tokare bakan da gungumen giginya, a hura wutar kara a gindin bangon ya bushe, a roƙi hukuma ta jira damina ta wuce. Kawu ya ce wuta fatar bango take busarwa, cikin yana nan yadda yake, tokara kuma tana riƙe sama ne, ba ta hana ƙasa zamewa. Ɗan ya ce to wataƙila ya tsaya, an sha ganin bangon da aka fid da rai da shi ya shekara ashirin. Kawu ya ce an sha gani.

Muna cikin haka babban masaƙi ya yi sallama. Ya zauna, ya ajiye goro a gaban Kawu, ya daɗe yana gyaran hularsa. Can ya ce laifin nasu ne, kuma zai je ya faɗa a gaban duk wanda ake so. Kawu ya ce ranar da rufi ya rufta ba a tambayar wa ya zuba ruwa, wa ya gina ake tambaya. Ya fasa goron, ya ba kowa, ya riƙe nasa bai ci ba.

“In na bar shi, ko shi tsaya ko shi hwaɗi, ban sani ba. In na sauke shi, na sani.”

Ɗan ya ce to shi zai hau, ai ƙarfin Baba ba kamar da ba. Kawu ya ce masa ya hau, amma a hannun kudu. Hannun arewa, mai ciwon, na wanda ya ɗaura ne. Babban masaƙi ya ce in Zanzaro ya faɗo shi ba zai tare ba, bayansa na ciwo. Kawu ya ce dama wa zai faɗa kan Tautau, a tashi da ƙaiƙayi. Daga nan na san ya gama yanke shawara, tunda wasan ya dawo.

Washegari muka je wurin mai duba da Kawu da ɗansa, ni na yi musu iso. Kawu ya yi bayani a tsaye. Saurayin ya saurara har ƙarshe, ya yi tambayoyi, ya ce ya yarda bisa sharaɗi uku: a kwashe kowa da komai daga ɗakin, a tokare baka na biyar kafin a taɓa na shida, kuma a gama kafin ruwan farko, in ba haka ba zai kawo leburansa. Wurin da aka sauke kuma kwano za a sa, ba za a sake ɗaura baka a kan wannan bango ba. Sharaɗin ƙarshen nan ya yi wa Kawu nauyi, na gani a fuskarsa. Ya ce ya ji.

Aka fitar da katakai aka kafa musu rumfar zana a filin yamma. Masaƙa suka koma saƙa a waje kamar iyayensu, suna fesa ruwa da baki har muƙamuƙinsu ya gaji. Ranar da za a fara, dattawan magina daga gidaje uku suka zo da buzayensu suka zauna a inuwar bangon kudu, inda suke ganin sama ta waje, ɗaya kuma ya zauna a bakin ƙofa yana ganin ciki. Ba su zo taimako ba. Shaida suka zo, kuma ba duka ne masoyan Kawu ba. Akwai wanda ya nemi aikin gidan saƙar tun farko bai samu ba.

Saukewa ita ce ɗaurawa a juye. Aka fara da laso, aka kankare shi daga kan baka na biyar zuwa bangon gabas. Aka kwashe ƙasar rufi da kwanduna, masaƙa suka bar katakansu suka yi layi suna miƙa wa juna har ƙasa, babban masaƙi a gindin tsani yana yi wa kowa faɗa. Aka naɗe zana. Aka zare azarar shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya, ba a sare ba, ba a karya ba, ana jawo kowacce daga raminta a jikin baka na biyar a zuro ta da igiya. Da aka gama wannan, baka na shida ya tsaya shi kaɗai a sarari, babu abin da ke riƙe da shi sai ƙafafunsa biyu, ɗaya lafiyayya, ɗaya jiƙaƙƙiya. Wannan ya ci kwana biyu.

Rana ta uku da hantsi Kawu ya hau. Ya tuɓe rigarsa ya ɗaura ɗan bante a kan wando, kamar yadda yake yi yana saurayi. Ya bi hannun arewa da rarrafe har tsakiya, ɗansa ya biyo hannun kudu, suka haɗu a sama suna fuskantar juna. Daga nan ake farawa, inda aka ƙare. Suka ɓare lakar da ke kan mahaɗar da ɗan gatari, suka yanke igiya, suka raba azarar sama. Daga lokacin da aka raba su kowane hannu kansa yake ɗauke da shi. Ƙa'idar ita ce kudu ya cire ɗaya, arewa ya cire ɗaya, suna ja da baya, kada wani ya riga wani.

Sun cire na farko da na biyu lafiya. Kawu yana ɓare lakar hawa na uku sai hannun arewa ya yi wata 'yar ƙara, ya sunkuya kaɗan, wani guntun laka mai girman tulu ya ɓalle daga ƙarƙashinsa ya faɗo cikin ɗaki ya tarwatse. Ƙura ta tashi ta fita ta tagogi. Mutanen da suka taru a waje suka yi salati, wasu suka ruga. Kawu bai motsa ba, yana kwance a kan bakan ya rungume shi. Ɗansa ya yunƙura zai tsallako, ya ɗaga masa hannu ya koma.

Dattijon da ke bakin ƙofa ya tashi ya shiga, ya tona tarin da ƙafarsa, ya fito. Sauran suka dube shi. Wanda bai sami aikin ba ya tambaya ko da itace a ciki.

“Laka ta. Babu azara.”

Suka koma suka zauna. Kawu ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai dai ya daina amfani da gatari, da hannu ya riƙa ɓare lakar. Kafin la'asar ya iso kan bango. Azarar ƙarshe, wadda aka kafa a cikin jiƙaƙƙen wurin, da ya jawo ta gindinta ya ruɓe har ya marmashe masa a hannu. Ya miƙa ta haka nan aka zuro. Aka jera azarorin duka a ƙasa a gaban dattawa, suka duba, suka yi addu'a, suka naɗe buzayensu. Babban cikinsu ya ce wa Kawu sannu da aiki, kamar yadda ake ce wa wanda ya gama yaɓen katanga. Iyakar abin da aka ce ke nan, kuma shi ake nema.

Da Kawu ya sauko, ya zauna a kan kwando. Babban masaƙi ya kawo masa ruwa a moɗa, ya ce ga abin da yake tsoro, in ba ya so a mayar. Kawu ya karɓa ya shanye.

Sauran aikin bai daɗe ba. Kawu da ɗansa suka rushe jiƙaƙƙen ɓangaren bangon suka tayar da sabo, suka yi wa baka na biyar dogari, wato ginin da zai tokare shi, ta waje. Kafintocin hukuma suka zo suka buga kwano a kan gabas. Ruwan farko ya same mu a rufe. Aka mayar da katakai. Maimakon hanyar ruwa sai aka jera randuna a tsakiyar ɗaki a kan duwatsu, da jiƙaƙƙun buhuna a rataye. Bai kai hanyar ruwa aiki ba, zare ya ci gaba da tsinkewa jefi-jefi, aka haƙura. Ƙarƙashin kwanon kuwa babu masaƙin da ya yarda ya zauna da bazara, sai ya zama wurin ajiyar zare. Yadin 'yan makaranta ya fita a makare, rabinsa da ƙulli. Ranar biki na tsaya a bakin hanya na ga yara suna wucewa a cikinsa, daga nesa ba a ganin ƙullin.

An ci gaba da sallama a ƙofar Kawu. Ya ɗaura rufi bayan wannan, ɗansa ma ya ɗaura. Amma zamani ya juya ta wani wajen. Yadin inji ya cika kasuwa da araha, masaƙanmu suka riƙa raguwa, wasu suka koma lambu gaba ɗaya, har ranar da na rufe ƙofa na kai mabuɗi. Masu kuɗi suka koma bulo da kwano. Da aka buɗe aikin siminti a Kalambaina ɗan Kawu ya tafi can ya zama birkila. Kawu ya rasu baka biyar suna tsaye. Har yau suna tsaye. Gidan ya zama ma'ajiyar hatsi, shaguna sun kewaye shi har sai an ratsa lungu ake ganin ƙofarsa.

Dalilin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne jikan Kawu. Ya koma aikin ƙasa, ya koya daga bakin ubansa da hannun wasu tsofaffi, yana gyaran tsofaffin soraye ga masu son a bar musu na kakanninsu. Bara aka kira shi gyaran wani zaure mai baka, aka yi magana aka gama, sai kuma aka aiko masa cewa an fasa. Da ya bincika, wani ne ya gaya wa mai gidan cewa rufin kakansa ya taɓa ruftawa a Ƙofar Dundaye, ga kwano nan shaida. Na je unguwar da kaina na tambayi masu shaguna dalilin kwanon, kamar baƙo. Duk wanda na tambaya haka ya ce mini, ya rufta ne. Wani ma ya ce kakarsa ta ga ƙurar. Dattawan da suka zauna shaida sun rasu, babban masaƙi ya rasu, mai duba ban san inda yake ba. A cikin waɗanda suka tsaya a wurin ni na rage.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In kana Sakkwato, ko hanya ta kawo ka, ka nemi mai ajiyar hatsin ya buɗe maka. Ka wuce har ƙarƙashin kwano, ka juyo ka fuskanci yamma, ka ɗaga kai ka dubi jikin baka na biyar. Za ka ga ramukan azara a jere, bakinsu sumul, babu wanda ya yage. Rufin da ya rufta ba ya barin rami haka. In ka gani da idonka, duk inda ka ji an ce gabashin gidan saƙa ya faɗi, ka gyara wa mai maganar: sauke shi aka yi, kuma wanda ya ɗaura shi ne ya sauke.